Kwami na Huɗu a Lambun Mama Ngunan

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in ɗauki biro. Shekara biyu ke nan matasan unguwarmu suna cewa in rubuta musu labarin sana'ata, ina ce musu sai an kwana biyu. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in rubuta wani abu ba daidai ba, wani ya kwaikwaya ya cutu, alhakin ya dawo kaina. Ga shi kuma a cikin labarin akwai inda na yi laifi, kuma ba a iya ba da shi a tsallake wurin. Sau uku ina farawa ina yagewa. Abin da ya zaunar da ni a ƙarshe, wata safiya ce a teburin mai shayi na ji wani saurayi yana ce wa abokinsa, "Aikin Baba Sule ai ba aiki ba ne. Ka tara shara, ka koma inuwa, ta ruɓe da kanta." Na biya kuɗin shayina na wuce na sayi littafin rubutu.

Sunana Sule, taki nake haɗawa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina wannan aiki a gefen garin Lafiya. Kayan aikina ba su da yawa: cokalin juyi mai yatsu huɗu wanda wani maƙeri a garin Adogi ya ƙera mini, shebur, baro, rariya, da sandar rodi mai tsawon gaba guda. Da rodin ake jin zafin tsibi. Ka soka shi har ciki, ka bar shi kamar tsawon alwala, ka zaro ka taɓa da bayan hannu. In ka iya riƙewa ba ka ji komai ba, tsibin ya yi barci. In ka yi saurin janye hannu, yana aiki. Sauran kuma aikin hanci ne. Taki mai kyau ƙamshin ƙasar farkon damina yake yi.

Abin da ake haɗawa kuwa, kashin shanu ne daga kara, wato kasuwar shanu, ɓuntun shinkafa daga wurin masu inji, ɓawon rogo daga masu garri, kashin kaji, da toka kaɗan. Kowanne da halinsa. Kashin kaji zafi gare shi, in ya yi yawa ya ƙone shuka. Ɓuntu taurin kai gare shi, sai ya shekara yana kallonka. Ɓawon rogo kuma ruwa ne da shi, in ba ka raba shi ba ya manne ya zama kamar tuwon jiya.

Aikin farko da na yi a hannun maigidana Baba Agabi, wani dattijo ɗan ƙabilar Alago, Allah ya ji ƙansa, shi ne juyin tsibi. Ina da shekara goma sha shida. Ya ba ni cokali ya nuna mini tsibi biyar a jere. Ya ce, "Daga gabas ake farawa, don rana ta same ka a baya. Na waje ya koma ciki, na ciki ya fito waje. Duk kwana bakwai. Ko sallah ce, ka juya ka tafi idi." Na tambaye shi dalili. Ya ce a cikin tsibi akwai masu aiki da ido ba ya gani, kuma numfashi suke yi kamar mu. In aka hana su iska sai su mutu, tsibi ya yi wari. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya san wannan.

Wata damina ruwa ya kwana uku yana zuba, na tsallake tsibi ɗaya na ce ba zai gane ba. Da ya zo, tun daga bakin hanya ya ɗaga hanci. Bai zage ni ba. Ya sa hannu cikin tsibin ya damƙo, baƙi ƙirin yana ɗigar ruwa, ya zuba mini a aljihun riga. Ya ce, "Je kasuwa ka sayo mini goro." Ranar kasuwa ce. Duk inda na ratsa mutane na darewa. Mai goron da kansa ya miƙo mini daga nesa yana toshe hanci, ya ce, "Yaro, a gidanku wa ya mutu ba a binne ba?" Da na dawo Baba Agabi ya karɓi goronsa ya ce, "To, ka ji abin da maƙwabta ke ji." Tun daga ranar ban sake barin tsibi ya wuce kwana bakwai ba. Ku riƙe wannan, don shi ya ja mini abin da zan faɗa.

Masu sayen taki iri-iri ne. Manoman doya garas-garas suke so, ba ruwansu da rariya. Masu sababbin gidaje na wajen Azuba suna son na fulawa a buhu, su tsaya nesa da mota su ce a tabbata ba ya wari. Matan lambu su ne masu wuyar sha'ani, su murza a tafin hannu, su shinshina, su ce bai nuna ba ko da ya nuna. A cikinsu babu kamar Mama Ngunan, wata Batibiya mai noman ganyen ugu da alayyafo. Kafin abin da zan faɗa ya faru, shekara goma sha biyar tana sayen takina, ba ta taɓa yaba shi a gabana ba, amma ita ta kawo mini rabin matan cocinsu.

Shekara huɗu da suka wuce ta sayi fili a Azuba da abin da ta tara tsawon rayuwarta, ta bar lambun haya. Na kai mata taki baro goma sha biyu, mafi kyawun da na haɗa a shekarar. Bayan wata ɗaya da rabi sai ga ta a kan acaba, tun kafin ta sauka take magana.

"Baba Sule! Taki naka ya kashe min ugu!"

Na ajiye cokali. Na ce, "Mama, a yi haƙuri a sauka tukuna."

"Ba zan sauka ba. Hau, mu je ka gani da ido naka."

Na je na gani. Rabin lambun ya yi kyau. Ɗaya rabin, wajen wani tsohon daɓen siminti, ganyen ya ƙanƙance ya yi rawaya. Ta ce kajinta uku da suka yi tono a wurin sun mutu. Na durƙusa na tona da hannu, ban ga tana ko ɗaya ba, alhali takina kan tara tana. Da na shinshina ƙasar sai na ji wani wari mai hawa kai, irin na maganin ƙwari na zamanin da, wanda aka hana sayarwa, wanda marasa tsoron Allah kan zuba a rafi su kashe kifi. Wani tsoho maƙwabcinta ya ce ai tun yana saurayi a kan daɓen nan akwai sito na maganin feshi, kuma a nan bayansa suke wanke durom su zubar da ruwan.

Ɗanta Terna ya ce a sayar da filin ga masu gini, tunda gari na tahowa. Mama ta ce, "In sayar ma wa? Mutum ya gina gida, yara nashi su yi wasa a ƙasa nan? Ba ni ba." Ta ce in ƙasar ba ta gyaru ba za ta kewaye ta da waya ta koma ƙauye hannu wofi. Wato duk abin da ta tara yana kwance cikin wannan ƙasa.

Wata 'yar cocinsu ce ta haɗa ta da Dakta Asabe, malamar jami'a mai binciken ƙasa. Ta zo da takalmin roba da kwalabe, ta ɗebi ƙasa ta tafi da ita ɗakin gwaji. Da ta dawo ta ce tana bukatar wanda ya iya taki. Mama ta nuna ni ta ce, "Ga shi nan. Tsoro ya yi masa yawa, amma ya iya."

A ƙarƙashin mangwaron lambun Dakta ta yi mana bayani. Zan faɗa yadda na gane, in na kuskure laifina ne. Ta ce maganin nan an ƙera shi da wani sinadari da ake kira kulorin, an jera masa shi a jiki kamar ƙaya a jikin bushiya. Shi ya sa yake shekara da shekaru a ƙasa bai ruɓe ba, ƙananan halittun da ke cin shara ba sa iya kama shi. Amma akwai wasu irinsu da ke zaune inda babu iska, cikin laka da ƙarƙashin ruwa. Su waɗannan da gubar suke numfashi, kamar yadda muke yi da iska, kuma garin haka suke cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. In ƙaya ta ragu, sai a buɗe a ba da iska, irin nawa na cikin taki su cinye saura.

Na ce, "Dakta, su na farkon a ina za mu saye su?"

Ta yi dariya. "Baba, suna nan cikin kashin shanunka da lakar fadama. Abinci za mu ba su, mu rufe musu ƙofa. Iska ce ajalinsu."

Mama ta tafa hannu. "Kamar akpu! Ka jiƙa rogo, ka rufe, ka bar shi ya yi wari, ɗaci ya fita."

Dakta ta ce gubar rogo daban ce, amma haƙurin iri ɗaya ne.

Aikin haƙa ya ɗauke mu kwana tara. Muka kankare ƙasar wajen daɓen zurfin gwiwa. Muka yi kwami huɗu, wato ramuka masu faɗi, a jere daga gabas zuwa yamma, kowanne an shimfiɗa masa leda mai kauri a ƙasa don kada ruwan ya tsiyaye. Muka cakuɗa ƙasar da ɗanyen kashin shanu, da dusa, da lakar fadama, da ruwan rake. Muka jiƙa har ya zama kamar kunu mai kauri, muka rufe da baƙin tamfol, muka liƙe gefuna da laka. Ba a taɓa komai sai da safar hannu da abin rufe hanci. Da muka gama Dakta ta dube ni ta ce, "Baba, mako takwas. Kada kowa ya ɗaga ko da kusurwa. Aikinka kawai ka duba laka, in ta tsage ka liƙe." Na ce to. Mama ta ba ni makullin ƙofar lambun.

Mako na farko lafiya. A na biyu wari ya fara fitowa ta ƙarƙashin tamfol, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, irin wanda aka taɓa zuba mini a aljihu. Na soka rodi ta gefe, ya fito da sanyi. A duk abin da na sani, tsibi mai sanyi mai wari matacce ne. Wani mai ginin bulo da ke wucewa ya ɗaga murya ya ce, "Baba Sule, tsufa ne ya zo? Takinka ya fara wari!" Na koma gida na kasa cin tuwo. Matata Uwani ta ce, "An ce maka kada ka taɓa." Na ce ai ban ce zan taɓa ba. Ta ce, "Fuskarka ta faɗa."

Na yi ta saƙawa. Na ce Dakta yarinya ce, a littafi ta koya. Wataƙila a ƙasar da aka rubuta littafin babu zafi irin namu. Na ce ɗan juyi kaɗan ba zai kashe kowa ba, taimako ne, kuma in abin ya yi kyau ba sai na faɗa ba. Ranar Lahadi Mama da duk gidanta suna coci tun ƙarfe takwas har bayan sha biyu, Dakta kuma ba ta zuwa. Na ɗauki cokalina na tafi.

Na fara daga gabas, yadda aka koya mini. Na ɓamɓare laka, na naɗe tamfol, na juya sosai, na waje ciki, na ciki waje. Na mayar da tamfol na liƙe da sabuwar laka, har na yayyafa busasshiyar ƙasa a kai don kada a ga ɗanyenta. Jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, kwami ɗaya kan ci fiye da awa. Ina gama na uku sai na jiyo muryoyin 'yan coci suna tahowa. Na ɓoye cokali cikin ciyawa na zauna ina duba laka kamar mutumin kirki. Mama ta ce, "Baba Sule, har Lahadi kana aiki? Allah ya yi maka albarka." Ta aiko mini da doya da manja. Na ci.

Lahadi shida na yi haka. Kullum in ce yau zan fara daga yamma don na huɗu ya samu rabonsa, kullum ƙafata ta kai ni gabas. Kullum kuma a tashi coci kafin in iso shi. Kwami uku suka yi kyau, wari ya ragu, rodi ya fara fitowa da ɗumi. Na huɗu kuwa ya kumbura tamfol, ya yi baƙi, ƙuda ma gewaye shi suke yi. Ina kallonsa ina jin kunya, ina cewa wannan shi zai tona mini asiri a ce ban kula da shi ba.

Da mako takwas ya cika Dakta ta ɗebi ƙasa daga kowane kwami. Ta yi mamakin yadda uku suka yi laushi. Bayan mako uku ta dawo da takarda, fuskarta ba walwala. Muka zauna ƙarƙashin mangwaro, ni da ita da Mama da Terna.

Ta ce, "Mama, ban zo da labari mai daɗi ba. Kwami uku gubar tana nan kusan yadda take. Na huɗu ne kaɗai ta ragu, kuma ta ragu ƙwarai. Haɗi ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya. Na sake gwajin sau biyu. Ban gane ba."

Terna ya ce, "Na faɗa muku."

Dakta ta ce waɗanda suka ba ta izinin aikin ba za su ƙara mata wata shekara a kan abin da ya ƙi sau uku cikin huɗu ba. Za su ce na huɗun dace ne. Mama ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa. Sannan ta ce wa Terna ya nemo mai sayar da wayar shinge.

Ni kuwa na dubi kwami ukun nan. Na ga dai in na yi shiru matar nan za ta rasa filinta a kan ƙaryar da ƙasa ba ta yi ba. Na cire hula na ce, "Dakta, akwai magana."

"Ina ji, Baba."

"Na juya su."

"Ka juya me?"

"Ukun nan. Duk Lahadi. Sau shida. Na huɗun ma niyya na yi, lokaci ne bai kai ba."

Dakta ta dubi takarda, ta dube ni, ta sake duban takarda. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Ka sa safar hannu?" Na ce biyu-biyu na sa, da abin hanci, kuma na yi wanka da sabulu kafin in shiga gida. Sai ta kwashe da dariya har takardar ta faɗi. Ta ce, "Baba, ka san abin da ka yi? Ka yi mini gwajin da ban da kuɗin yi. Uku da iska, ɗaya babu iska. Yanzu ina da hujjar da zan kai musu."

Mama ba ta yi dariya ba tukuna. Ta miƙe ta tsaya a kaina.

"Baba Sule. Ina coci ina roƙon Allah ya gyara ƙasa, kai kana nan kana ɓata?"

"Mama, na ɗauka taimako ne."

"Har doya na ba ka!"

"Na ci da kunya, Mama."

"Ka ci dai!" Ta juya wajen Dakta. "To da Fasto ya ƙara wa'azi awa ɗaya, da na huɗu ma ya tafi?"

Dakta ta ce da ya tafi. Mama ta ɗaga hannu sama ta ce daga yau ba za ta sake ƙorafin an tashi coci da wuri ba. Sannan ta miƙo tafin hannu ta ce, "Cokali." Na je ciyawa na ɗauko. Ta kai shi ɗakinta ta sa a ƙarƙashin gado, ta ce sai ranar da Dakta ta ce a juya zan gan shi. Wata da watanni da aron cokali na yi aikin jujina.

Wannan ita ce mummunar shekarata a sana'a. Damina guda ta tafi a banza saboda ni, Mama ta ƙara shekara tana sarin ganye a hannun wasu tana sayarwa. Labari ya bazu a kara. In na je ɗaukar kashin shanu sai a ce, "Ga Baba Lahadi nan." Har yau wasu haka suke kirana, kuma ina amsawa.

Aka ba Dakta wata shekarar. Muka sake haɗi, muka rufe. A wannan karon na roƙe ta ta nuna mini alamun da zan riƙa dubawa, don mai damuwa irina in ba a ba shi abin dubawa ba zai nemo wa kansa. Ta koya mini cewa kumburin tamfol alama ce mai kyau, baƙin launi ma haka, warin ƙwai kuma shaida ce masu aikin suna raye. Na koyi tsayawa kusa da wari ina murmushi, abin da Baba Agabi ba zai taɓa yarda ba. Bayan mako takwas Mama ta fito da cokali, na juya kullum har kwana goma, da izini. Muka sake jiƙawa muka rufe. Zagaye uku muka yi haka, rufi da buɗi. Kowanne da lokacinsa, kuma sanin lokacin shi ne aikin.

Ga matasan da ke ganin sauƙi: kada wanda ya karanta wannan ya je ya tona gurɓatacciyar ƙasa da kansa. Hanci ba ya faɗa maka guba ta ƙare, ɗakin gwaji ne kaɗai ke faɗa. Ko da takarda ta yi kyau, Dakta ba ta bari an ci komai ba. Masara aka fara shukawa, aka yanke aka kai gwaji. Sai a damina ta gaba ta ce a shuka ugu. Ranar da na tona ƙasar na ga tana tana motsi, na kira Mama da ƙarfi har ta zaci maciji ne. Ɗaurin farko na ganyen ni ta kawo wa. Ta ce, "Taki naka ba laifi." A shekara goma sha tara wannan ne yabo na farko.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya sa na ce dole in kai ƙarshen rubutun nan. Bana Mama ta so ta haƙa rijiya a kusurwar yamma don noman rani. Dakta ta ce a gwada ƙasar can ƙasa tukuna, sai aka samu gubar a zurfin da wankin durom ba zai kai ba. Tana zaton akwai abin da aka binne yana yoyo. Tsohon maƙwabcin nan ya tuna cewa da za a rufe siton an zo da lebura an haƙa rami, amma bai san ko ta ina ba, kuma filayen kewaye duk an yanka an fara gini. Dakta ta ce ba a haƙa irin wannan da ka, don shebur ɗaya na iya fasa ruɓaɓɓen durom. Har a gano wurin babu rijiya, kuma maƙwabta biyu da suka riga suka haƙa tasu an roƙe su kada su sha.

Don haka ina roƙon duk wanda ya taɓa aiki a tsohon siton maganin feshi na Azuba, ko ya yi dako a wurin, ko mahaifinsa ya taɓa ba shi labarin haƙa ramin, ya taimaka ya faɗa mana. Ba sunan kowa muke nema ba, kuma babu wanda za a kai ƙara. Durom nawa ne, ta wane gefen daɓen, taku nawa. Ko abin da ka tuna kaɗan ne, ko kana shakka, ka zo da shi haka nan, mu za mu auna. Duk mai sayar da kashin shanu a kara ya san inda jujina yake. In ka zo ba ka same ni ba, ka jira, ban yi nisa ba.